Ranar da muka gasa wa kare biskit

Autata ce ta tayar da maganar. Shekarunta 4, kuma ta daɗe tana ganin zalunci ne mu riƙa cin biskit kare na zaune yana bin hannunmu da ido. Yayanta mai shekara 7 ya mara mata baya, ni kuma na ce to, sai ranar da babu makaranta.

Kayan ba su da yawa: kofi 2 da rabi na garin alkama, ƙwai 2, rabin kofi na dafaffiyar kabewa da aka murƙushe, sai cokali 2 na markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba. Ba sukari, ba gishiri, ba yis. Kafin a buɗe kwalbar sai da na sa babban ya karanta rubutun jikinta, muna neman kalma ɗaya tak, xylitol. Abin zaƙi ne da ake sa wa wasu kayan da aka ce ba su da sukari. Mutum zai ci lafiya lau, amma kare in ya ci, sukarin jininsa kan faɗi nan da nan, hantarsa ma na iya lalacewa. Tamu gyaɗa ce zalla.

Na ɗauka wahalar duk tana wajen obin, ashe ba can take ba. Na juya kenan in ɗauko abin murji, ina waiwayowa na ga autar ta miƙa hannu kan kwano, tafinta cike da zabibi.

"Mama, in zuba masa? Ai yana da daɗi."

Gabana ya faɗi. Inabi, ɗanye ko busasshe, yana iya kashe ƙodar kare, kuma wani karen kaɗan ma ya ishe shi. Ban yi mata tsawa ba, don ƙauna ce ta kawo ta. Na durƙusa na ce mata cikinsa ba irin namu ba ne. Nan yayan ya shiga jero mini tambayoyi. Cakuleti fa? A'a, akwai wani sinadari a ciki, tiyobromin, da jikin kare ke daɗewa bai fitar ba. Albasa? Ita da tafarnuwa suna lalata masa jajayen ƙwayoyin jini. Tun ranar yaron ya zama ɗan sandan kicin, ko ɓawon albasa ya faɗi ƙasa sai ya riga karen isa.

Rigima ta biyu lasar kwaɓi ce. Da ɗanyen ƙwai da ɗanyen gari duk suna iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela, don haka kowa ya samu yankan ayaba ya toshe baki.

Wajen yanka kuwa na sakar musu. Babban ya dage sai siffar ƙashi, autar ta mulmula wasu dunƙule-dunƙule ta ce kyanwoyi ne. Muka jera a faranti, zafi 180 a ma'aunin Salsiyos, minti 25. Ni kaɗai ke taɓa obin, su suna bayan kujerar da na gitta musu.

A nan na yi kuskure. Dunƙulallun sun yi ja a waje, cikinsu da danshi, kuma na zuba duka a roba mai murfi tun da ɗumi. Kwana 4 na buɗe na tarar da furfurar hunhuna ta rufe su. Biskit na sayarwa da sinadarin hana lalacewa a ciki, namu babu. Muka zubar, autar ta sha kuka kan kyanwoyinta.

Karo na biyu mun murza kwaɓin bai wuce kaurin rabin santimita ba, da suka gasu na kashe obin na bar su ciki har suka huce suka yi ƙaras. Na mako guda a firij, sauran a firiza.

Abin da har yau muke ja a kansa shi ne adadi. Likitocin dabbobi na cewa irin wannan ƙwalama kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na abin da kare ke ci a rana. Na ce biyu a yini, ɗaya daga hannun kowa. Jiya na ƙirga na ga uku sun yi ƙafa, autar kuma da ɓarɓashi a aljihun riga.