Kallon Teyatur a Damagaram

Daga Kano na bi ta Daura, muka ƙetare iyaka a Kwangwalam, muka ratsa Matamai, da la'asar sakaliya muka shiga Damagaram, garin da Faransawa suka riƙe a matsayin babban birnin Nijar har zuwa 1926. Wasan kwaikwayo ne ya kai ni, wanda a can ake ce wa teyatur, domin garin ya yi suna a wannan fanni tun zamanin da shugaban mulkin soja Seyni Kountché ya farfaɗo da ƙungiyoyin samariya bayan 1974, kuma a nan ne tauraron ɗan wasan kwaikwayon nan Yazi Dogo ya haska.

Wasan da na kalla bayan sallar isha'i ya haɗa gado biyu. Dandamali da labule da fitilu da raba wasa kashi-kashi duk daga lakwal, wato makarantar bokon Faransawa, suka fito, amma 'yan wasan ba haddar rubutu suka yi ba, sun dai san inda labarin ya dosa, kowa yana saƙa maganarsa nan take da karin magana da habaici, ga kalangu yana raka shigar mai kuɗi. Kwaikwayon manya kuwa ba baƙon abu ba ne a garin da ya saba da wasan kara, inda samari ke yin shigar sarki da ta jami'an hukuma.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda dariya ta rabu gida biyu a fitowa ɗaya. Wani manomi ya je ofis neman takardar haihuwar ɗansa, ma'aikaci ya tsare shi da Faransanci. Ɗaliban da ke gaba suka riƙa tuntsira dariya duk lokacin da manomin ya karya kalma, dattawan da ke baya kuwa ma'aikacin suke yi wa dariya, ganin ɗan Bahaushe ya ƙi amsa sallama yana ta gyaran taye. A ganina dattawan sun fi kama inda aka nufa.

Ban ji wanda ya tsaya tantance abin da yake namu da na aro ba. Tambayarsu ita ce ko mutumin ya yi kama da wanda suka sani. Da wata mata ta ɗaga murya ta ce wa manomin, “Malam, kada ka ba shi ko dala!”, sai ya juyo ya tambaye ta ko za ta raka shi wurin shugaban ofishin, aka ƙara fitowar da ba ta cikin shiri.