Yadda na tsaya wa ƙanwata da malaminta ya matsa mata lamba

Ƙanwata tana aji biyu a wata babbar makarantar gwamnati lokacin da wani malaminta ya fara turo mata saƙonni cikin dare. Da ta ƙi ba shi fuska, sai sakamakon kwas ɗinsa ya maƙale. Ta daɗe tana haɗiye abin kafin ta ce min, "Yaya, ni dai zan haƙura da karatun nan."

A gida aka ce a bar wa Allah, kada sunan yarinya ya ɓaci. Na fahimci tsoron Umma, don a wajenmu wadda aka zalunta ita ake fara tuhuma: me ya kai ta ofishinsa? Amma ban ga dalilin da zai sa ita ta bar makaranta shi ya ci gaba da shiga aji ba.

Muka je wajen wata lauya 'yar ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Tambayarta ta farko ita ce, "An goge saƙonnin?" Allah ya taimake mu ba ta goge ba. Muka ɗauki hotonsu yadda lambarsa da rana da lokaci suka fito, muka buga a takarda. Sannan ta sa ƙanwata ta rubuta abin da ya faru daki-daki da hannunta, ba ƙari ba ragi.

A bakin Barista na ji cewa sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya kare mutuncin ɗan Adam, na 42 kuma ya hana hukuma nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsi, ƙabila, addini ko asali. Ta kuma ja kunnena kan dokar VAPP ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane, da ake yawan ambata: a Abuja take aiki kai tsaye, sauran jihohi sai wadda ta zartar da tata. Abin da ya fi ƙarfafa mana gwiwa shi ne hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci tana ɗaukar neman ɗaliba da maki a matsayin amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba. Ita ta gurfanar da Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo, kotun tarayya a Osogbo ta ɗaure shi shekara biyu a 2018, bayan wata ɗalibarsa da ya nema da maki ta naɗi muryarsa a waya.

Koken baki ba ya zuwa ko'ina, wannan na gani da idona. Mun kai wa hukumar makarantar namu a rubuce, kwafi biyu, na tsaya sai da sakatare ya buga hatimin karɓa a namu. Muka nemi wani malami daban ya sake duba takardar jarrabawarta, kuma kada ta zauna gaban kwamiti ita kaɗai.

An sake dubawa, ta ci. Maganar malamin tana gaban kwamitin ladabtarwa, kuma wasu 'yan ajinsu sun kai nasu koken da saƙonninsu.