Kwana tara ina neman iska a birkin Peugeot ɗin Baba

Peugeot 504 ce, doguwar nan mai ɗaukar iyali, ƙirar 1978, wadda mahaifinmu ya bar mana a nan Tawa. A cikinta muka tashi, da ita aka kai mu Ƙonni da Madawa ba iyaka, kuma na ɗau alkawari ba za ta ruɓe a ƙofar gida ba. Da birkinta ya fara ja gefe ɗaya, sai na ce ni zan gyara da hannuna. Na kwance etiriye guda biyu na gaba, wato gidajen da ke matse faifan birki, na wanke su, na sa sababbin robobi da sababbin takalma, na mayar. Na baya kuwa tambur ne, wato gangar ƙarfe da takalma ke matsewa ta ciki, su ma na canza musu takalma.

Da na gama na taka birki, sai na ji kamar na taka soso. Feda ta tafi kusan ƙasa kafin ta kama.

Ban damu ba da farko, don duk wanda ya buɗe layin man birki ya san iska za ta shiga. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafarka ke ƙarewa wajen danne kumfa maimakon ya isa taya. Na kira ƙanena ya zauna a mazaunin direba. Na fara daga tayar da ta fi nisa da uwar birki, wato famfon da feda ke dannawa ya tura mai zuwa tayoyi: ta baya a dama, sannan ta baya a hagu, sannan na gaba. Na sa siririn tiyo a bakin ɗan notin fitar da iska, ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan mai. "Taka!" "Na taka, Yaya." "Riƙe!" In buɗe, in rufe, ya saki. Mai yana fita garau, ba kumfa ko ɗaya, amma feda tana nan yadda take.

Haka muka yi ta yi kwana tara, kullum bayan la'asar idan rana ta yi sanyi. Man birki samfurin DOT 4 kusan lita biyu ya tafi a banza. Na canza tiyon roba na gaba duka biyu, don tsohon tiyo yakan kumbura idan an taka, ya shanye ƙarfin. Wannan kuɗin ban yi nadamarsa ba, tsofaffin sun riga sun tsattsage, amma ba su ne ciwon ba.

A rana ta goma na je na ɗauko wani tsohon makanike, abokin Baba, wanda ya kwashe shekaru yana gyaran 404 da 504. Bai taɓa sifana ba sai da ya zauna ya taka birkin sau biyar a jere. Feda ta ɗago ta yi ƙarfi, ya saki ya ɗan jira, ta koma laushi.

"Ɗana, in ka dinga takawa ta yi ƙarfi, to ko iska ce, ko takalman baya sun yi nisa da tambur," in ji shi.

Ya gyara tazarar takalman baya har suka fara ɗan shafar tambur. Feda ta ɗago kaɗan, laushin bai tafi ba. Sai ya naɗe tiyon gaba biyun da tsumma, ya matse su a hankali yadda mai ba zai wuce ba, ya ce in taka. Wallahi kamar dutse. Cikin minti biyar ya raba motar gida biyu, ya nuna mini ciwon a gaba yake, abin da ban yi tunaninsa ba a kwana tara.

Ya durƙusa gefen taya, ya sa yatsa a kan ɗan notin fitar da iska, ya ɗago ya kalle ni.

"Idan ka nitsa kwalba cikin ruwa, kumfa ina take zuwa?"

"Sama, Baba."

"To ga notinka a ƙasa."

Etiriye biyun nan ne na musanya. Na dama na ɗaura a hagu, na hagu a dama. Sun zauna daidai, notunan ɗauri sun shiga ba gardama, babu abin da zai ankarar da kai. Amma ɗan notin ya koma ƙasa, iska ta taru a saman gidan, mai kuwa yana bi ta ƙarƙashinta yana fita tas, yana yaudarata. Ko shekara zan yi ina fitarwa, wannan kumfar ba za ta sauko ba. Muka mayar da kowane gefensa, buɗewar farko sai ga iska tana tartsatsi cikin tiyo.

Na ɗauka an gama, dattijon ya ce in dakata. Ya ɗora ƙafa a kan feda a hankali, ya riƙe ba tare da ya ƙara ƙarfi ba. Ina kallo tana nitsewa sannu sannu har ta kusa ƙasa. Muka duba ko'ina, babu ɗigon mai, kuma man bai ragu a tankinsa ba. Uwar birki ce ke zubarwa ta ciki. Ya bayyana mini cewa a tsohuwar mota robar ciki ta saba kaiwa da komowa a ɗan wuri guda, gaba da nan kuma tsatsa da datti sun taru, don man birki yana shan ruwa daga iska. Duk takawar da ƙanena ya yi har ƙasa, tura robar muke yi kan wannan tsatsar tana yankewa. Wannan ya fi min zafi, domin lafiyarta ƙalau kafin in taɓa ta.

Sabuwar sai daga Yamai aka aiko mini. Kafin mu ɗaura ta, ya cika ta da mai a kan benci, ya fitar da iskarta tun a waje. Ya sa guntun katako ƙarƙashin feda don kada ta sake kaiwa ƙasa. Ya kuma hana mu fitar da iskar baya mota tana rataye a jak, saboda akwai abin daidaita ƙarfin birki gwargwadon kaya a wajen, wanda ke rage wucewar mai idan tayoyin baya suna lilo. Da ya ga wata koriyar kwalbar mai a gefe ya ce in kawar da ita nesa: LHM ne, na Citroën, ɗan kaɗan ya shiga sai ya kumbura duk robobin birkin.

Da asuba na fita da ita hanyar Ƙonni kafin manyan motoci su taso. Na fara a gudun kilomita 20, na taka, ta tsaya. Na kai 40, na kai 60, feda tana sama, mota ba ta ja ko'ina. Na tsaya a gefen titi na riƙe birkin minti guda cur ina jin ƙafata, bai motsa ba. Da na dawo gida na samo fenti fari na rubuta "dama" da "hagu" a jikin kowane etiriye.