Raya Tsofaffin Motocin Gudu na Japan a Legas

Duk wanda yake son ya raya tsohuwar motar gudu ta Japan a Legas, ya kamata ya fara sanin cewa motocin da zai zaɓa daga cikinsu ƙidayayyu ne, kuma kullum raguwa suke yi. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi, saboda haka doka ba ta yarda a hau mota mai sitiyari a dama ba, alhali kuwa haka ake ƙera motocin da Japan take sayarwa a cikin gida. Hukumar kwastam ta kuma ƙayyade shekarun motar da za a iya shigowa da ita, sannan a farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa kamar Apapa da Tin Can. Ma'anar wannan ita ce mota irin Nissan Skyline GT-R ta 1989, wadda ta cinye dukan tsere 29 da ta shiga a gasar motocin Japan tsakanin 1990 da 1993, ba tamu ba ce, domin da sitiyarin dama kaɗai aka ƙera ta. Rabonmu shi ne abin da ya riga ya shigo ƙasar: Datsun Z da aka kawo sababbi a zamanin arzikin mai, da kuma Toyota Celica da Supra da MR2, da Honda Prelude, da Nissan 300ZX, da Mazda RX-7 da MX-5 waɗanda suka shigo tokunbo, wato na hannu, daga Amurka da Turai.

Tawa motar Datsun 260Z ce, kuma da ita nake auna yawancin abin da zan faɗa. Asalin wannan zuri'a ita ce 240Z wadda kamfanin Nissan ya fitar a ƙarshen 1969, mai inji silinda shida a jere, lita 2.4, da kafireta biyu na Hitachi. Yutaka Katayama, wanda yake shugabantar reshen kamfanin a Amurka a lokacin, shi ne ya dage a kan a kai ta kasuwar can, aka kuwa sayar da ita a kan kimanin dala 3,500, kuɗin da bai kai na motocin Turai masu irin gudunta ba. A 1974 aka ƙara girman injin ya zama 260Z, a 1975 kuma aka fitar da 280Z wadda ta bar kafireta ta koma feshin mai da na'ura. Mutanenmu sun fi sanin sunan Datsun ta hanyar 120Y da aka yi tasi da ita shekara da shekaru, shi ya sa dattawa da yawa a Agege idan suka ga tambarin a jikin doguwar mota mai ƙofa biyu sai su tsaya suna tambaya ko da gaske Datsun ce.

Irin waɗannan motoci ba a samunsu a kasuwar motoci ta Berger. Suna kwance ne a bayan tsofaffin gidaje a Ikeja da Surulere da Apapa, ko a kusurwar gareji inda mai ita ya ajiye ta ya rasu, magada kuma ba su san abin da za su yi da ita ba. Waɗanda suka fi kowa sanin inda suke su ne 'yan'uwanmu 'yan gwangwan, domin su ake kira idan ana son a share fili, kuma mota mai tarihi da ruɓaɓɓen tanki duk ɗaya ne a kan sikeli. Ban ga laifinsu ba, sana'arsu ke nan, amma yana yi mini ciwo in ji an yanka motar da ta haura shekara arba'in an kai ƙarfenta kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin. Shi ya sa nake roƙon waɗanda na sani a cikinsu da su kira ni kafin su sa wuta, ko da ba ni zan saya ba, domin gilashi ɗaya ko fitilar baya ta irin wannan mota takan fi kuɗin ƙarfen gaba ɗaya.

Abin da na fi son mai karatu ya riƙe shi ne cewa bodi ake saye, inji yana biyo baya. Injin da ya mutu ana iya buɗe shi, a wanke, a sa sabon ringi da fistin da gasket, ya tashi kamar ba a yi ba. Bodin da tsatsa ta cinye kuwa aiki ne na watanni, kuma sau da yawa kuɗinsa yakan zarce darajar motar. Datsun Z da takwarorinta ba su da shasi daban irin na akori-kura. Jikin motar shi ne yake ɗauke da inji da shokazoba da nauyin mutane, don haka idan ƙarfen ƙasa ya ruɓe, motar ta rasa ƙashin bayanta ko da fentinta yana ƙyalli. Ƙarfen motocin Japan na shekarun 1970 siriri ne, kuma ba a yi masa rufin kariya irin na motocin yanzu ba. Legas kuwa gari ne na bakin teku, iska tana ɗauke da gishiri, danshi yakan kai kashi 80 cikin 100, ga damina mai tsawo wadda take tsananta a watannin Yuni da Yuli, ga ambaliyar da take kwanciya a tituna har ta taɓa ƙasan ƙofa.

Idan na je duba mota, sai an ɗaga ta na shiga ƙarƙashi da tocila kafin in yarda a tayar da inji. Wuraren da tsatsa take fara kama Z sanannu ne: daɓen da ake taka ƙafa, da dogayen ƙarafan nan biyu da suke bi ta ƙarƙashinsa, da mazaunin batir inda ruwan batir yake ɗiga ya ci ƙarfe, da ƙasan ƙofofi, da bakin tayoyin baya, da ramin safaya, da leɓen ƙofar but. Ina ɗaga kafet, ina ƙwanƙwasa ƙarfe da bayan sukudireba ina sauraron sautinsa, sannan ina bin jikin motar da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin tsumma. Duk inda maganaɗisun ya ƙi kamawa, bodifila ce aka cusa aka shafe da fenti. Motar da aka yi wa sabon fenti kafin a kai ta kasuwa ita na fi tsoro, domin sau tari kyan ɗan maciji ne da ita.

Tarihin motar ma abin tambaya ne. Wadda ta fito daga jihohin arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, takan iso da ciwonta tun daga can, wadda ta fito daga Kalifoniya ko Arizona kuwa takan zo da ƙarfe lafiyayye. A nan ne mu da muke da ƙafa a Arewa muke da wata dama da sauran masu wannan sha'awa ba su da ita. Motar da ta yi shekara talatin a Kano ko Katsina ko Sakkwato, rana ta fasa mata dashbod, ta busar da robobi da kujeru, ƙura ta cika kowane lungu, amma ƙarfenta yana nan daram. Roba da fata ana sake su cikin sauƙi. Da in sayi mota mai tashi a Lekki, gara in ɗauko matacciya daga Zariya a bayan tirela.

Gyaran tsatsa hanya ɗaya gare shi, wato a yanke ruɓaɓɓen wuri har a kai ga ƙarfe mai rai, a yanko sabon falle mai kauri daidai da na asali, a yi walda kaɗan-kaɗan don kada zafi ya lanƙwasa jikin, a goge, sannan a rufe da fentin ƙasa mai hana tsatsa tun kafin danshi ya sauka a kai. A Legas ƙarfen da aka goge aka bari a buɗe yakan fara ja kafin gari ya waye. Fanalbita da yawa sun saba da aikin gaggawa na motocin haya, inda ake son a fita yau a koma lodi gobe, saboda haka dole ne a zauna da shi a yi magana tun farko cewa wannan aikin daban ne, kuma a biya shi gwargwadon lokacinsa. Bayan an gama, a buɗe ƙananan ramukan da ruwa yake fita ta ƙasan ƙofofi, a fesa kakin kariya a cikin ƙarafan da suke da rami. Kada kuma a lulluɓe motar da tamfol a kan ƙasa mai laima, domin tamfol yana tara gumi. Rumfa mai iska da daɓen siminti sun fi mata.

Bayan tsatsa sai zafi. An ƙera waɗannan motoci don su yi gudu iska tana ratsa lagireto, ga shi mu kuma mukan tsaya cik a cunkoson gadar Third Mainland ko hanyar Ikorodu. Maganin da aka saba yi a gareji shi ne a cire tamostat, wato 'yar na'urar da take tare ruwa har inji ya yi zafi kafin ta sake shi zuwa lagireto, a jefar, kuma ina ganin wannan kuskure ne babba. Inji yana da zafin da aka tsara ya yi aiki a kansa, idan bai kai ba sai fetur ya riƙa wanke man da yake jikin silinda, motoci masu ƙwaƙwalwar kwamfuta kuma su riƙa shan mai fiye da ƙima. Abin da ya dace shi ne a wanke lagireto ko a sake masa ciki, a sauya tiyo da murfi da famfon ruwa, a ƙara fanka mai aiki da lantarki idan akwai bukata, kuma a daina zuba ruwan rijiya zalla. Ruwan sanyaya inji na kwalba yana ɗauke da sinadarin da yake hana tsatsa, kuma kan silindar Datsun na alminiyam ne, ruwa zalla yana cinsa a hankali.

Mazda RX-7 tana bukatar a yi maganarta ita kaɗai, domin injinta ba shi da fistin. Ƙirar Bajamushe Felix Wankel ce, inda wani ƙarfe mai kusurwa uku yake juyawa a cikin ɗaki, kuma Mazda ce ta riƙe wannan fasaha tun daga Cosmo Sport ta 1967, ta fitar da RX-7 a 1978, har ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da irin wannan inji a 1991. Da gangan aka yi shi yana ƙona ɗan baƙin mai, akwai ƙaramin famfo da yake ɗiga man don ya jiƙa siraran ƙarafan da suke toshe bakin kusurwoyin, don haka raguwar mai ba alamar lalacewa ba ce, sai dai wajibi ne a riƙa dubawa ana cikawa. Zafi sau ɗaya yana iya kashe shi, cire tamostat kuma ya fi yi masa illa, domin ita ce take rufe hanyar da ruwa yake kewayewa ba tare da ya bi ta lagireto ba. Ba na ba wa mai farawa shawarar ya soma da ita, sai idan ya riga ya sami bakaniken da ya taɓa buɗe irin injin da hannunsa.

Fetur ma yana da nasa. Nau'i ɗaya ake sayarwa a gidajen manmu, injinan turbo, masu na'urar da take cusa ƙarin iska cikin inji, irin na Supra ta 1993 kuwa an tsara su ne a kan fetur mai ƙarfi, saboda haka ƙara musu matsin iska a kan man da muke da shi neman fasa fistin ne. Gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin methanol da ya shigo ƙasar a farkon 2022 ya nuna wa masu tsofaffin motoci muhimmancin filtar fetur mai kyau da sabon tiyon roba. Man birki kuma yana shan danshin iska, ya kamata a sauya shi duk shekara biyu, ko an hau motar ko ba a hau ba.

Kayan gyara na yau da kullum, irin su fulogi da belt da bearin da takalmin birki, ana samunsu a kasuwar kayan mota ta Ladipo idan mutum ya tafi da tsohon a hannu da lambarsa a rubuce, domin Nissan da Toyota sun yi amfani da kaya iri ɗaya a motoci daban-daban. Robar gilashi da fitilu da tambari da kayan dashbod kuwa sai an yi oda daga waje. Kamfanonin da kansu sun farga: a 2017 Mazda ta fara shirin raya MX-5 ta farko, a shekarar ce kuma Nismo, sashen motocin tsere na Nissan, ta koma ƙera wasu kayan Skyline, daga baya Toyota ta bi sahu da kayan Supra da 2000GT da AE86. Sai dai da dala ake biya, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kowace oda sai an yi mata lissafi. Dokar Amurka da ta yarda a shigo da motar da ta cika shekara 25 ta kuma ɗaga farashin motocin da kayansu a duniya baki ɗaya.

Saboda wannan tsada ne wasu suke cire injin asali su dasa na wata mota da ake samu a arha. Na fahimci dalilinsu, amma ba na goyon baya matuƙar injin asali yana gyaruwa. Daɗin Z yana cikin sautin silinda shida da yadda kafireta biyu suke amsa ƙafa idan an daidaita su suna jan iska daidai wa daida, da ɗan mai a cikin murfin kowace. Dattijon da yake daidaita mini tawa, wanda nake kira Baba, da kunne da guntun tiyo yake yi, kuma yaran garejinsa duk sun koma kan na'urar gano matsala ta kwamfuta. Na roƙe shi ya ware ɗaya daga cikinsu ya koya masa a kan motata, ni zan ɗauki nauyin lokacin da za su ɓata.

Motar da aka gama rayawa ba a jingine ta. Idan ta daɗe a tsaye birki yana kamewa, fetur yana tsami a cikin kafireta, tayoyi suna kwantawa, ɓeraye kuma suna cin waya. Nakan fita da tawa da safiyar Lahadi bayan sallar asuba, lokacin da hanyar Ikeja zuwa Ikoyi take a buɗe, in yi tafiyar da za ta isa mai ya yi zafi sosai ya kore danshin da ya taru a inji da salansa. Idan an yi ruwa da dare har titi ya kwanta da ruwa, sai in fasa, in tayar da ita a gida in matsa da ita gaba da baya, in jira wani makon.