Wasiƙa daga Arizona: hunturu a kwazazzabon Grand Canyon

Zuwa ga 'yan uwa na gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya hunturu? Na san yanzu hazo ya rufe Kano da Damagaram, yara suna jin wuta da sassafe, leɓe duk ya tsage. Mu ma nan sanyi ya kama, kuma cikinsa ne na samu zuwa wani wuri da nake so in ba ku labarinsa.

Grand Canyon wani kwazazzabo ne a arewacin jihar Arizona ta Amurka, wanda kogin Kolorado ya yi shekaru miliyoyi yana ƙwaƙula. Tsawonsa kilomita 446, zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 1,800. Tun 1919 gwamnati ta mai da shi gandun ƙasa. Yawancin masu yawon buɗe ido da zafi suke zuwa, lokacin da can ƙasa kusa da kogin zafi kan wuce digiri 40. Ni a Janairu na je.

Na isa bakin kudu bayan asuba, na tarar ƙasa fari fat da dusar ƙanƙara. Wanda bai san hamada ba zai yi mamaki, amma mutumin Agadas ya san sanyin da kan sauko da dare a duwatsun Azbin. Bakin kwazazzabon nan yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,100, shi ya sa ƙanƙara ke zama. Bakin arewa ya fi shi tudu, kuma da hunturu rufe hanyar motarsa ake yi.

Duk wanda ya taɓa hawan Dala ko dutsen Kufena ya san tsarin: wahala a gaba, sauƙi a baya. A nan juyawa abin ya yi. Da gangara ake farawa, ƙafa na tafiya da kanta, ido na kallon jajayen duwatsu, ba ka san nisan da ka ci ba. Hayin yana can yana jiranka sai ƙarfi ya ragu. Ma'aikatan gandun suna gargaɗi cewa fitowa kan ci ninki biyu na lokacin shiga. Ga rana gajera, wajen ƙarfe 5:30 ta faɗi. Saboda haka tun kafin in taka na tsayar da lokacin juyowa, na kuma sa tocila a jaka.

Hanyar Bright Angel na bi. Farkonta na cikin inuwa, rana ba ta cika taɓa shi da hunturu ba, don haka dusar da ƙafafun mutane da alfadarai suka tattake ta daskare ta zama kamar gilashi. Akwai wasu ƙusoshin ƙarfe da ake ɗaura wa takalmi a ƙasa, su da sanda biyu ne suka riƙe ni. Na ga wani saurayi da takalmin ƙwallo yana bin bango yana dafawa, gefe guda kuma rami. Har na wuce gabana bai daina faɗuwa ba saboda shi.

Ina gangarawa, sanyi na sakin jiki. Ƙanƙara ta zama taɓo, taɓo ya zama jar ƙura. Na cire hula, na cire rigar sama. Cikin awa biyu na bar hunturu a bisa kaina. Duwatsun ma canzawa suke yi hawa-hawa: farin dutsen da ke can sama yana da shekaru kimanin miliyan 270, har da ɓawon halittun teku a jikinsa, baƙin da ke gindin kogi kuwa ya kai biliyan 1.7. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

Iskar busasshiya ce irin tamu, tana shan ruwan jiki ba ka ji ƙishi ba. Famfunan rumfunan hutawa biyu na farko da ke kan hanyar a rufe suke da hunturu don kada bututu ya daskare, sai abin da ka ɗauko. Dabino da gyaɗa na yi guzuri da su, da man kaɗen da aka aiko min daga gida.

Bayan kimanin kilomita 7 na isa Havasupai Gardens, wani kwari mai idon ruwa da manyan itatuwa. A nan na yi alwala, ruwan na yankan yatsu, na yi azahar a kan rairayi. Shirun wurin ban taɓa jin irinsa ba, sai kukan hankaka jefi-jefi.

Wurin nan gonar mutane ce. 'Yan ƙabilar Havasupai sun noma masara da wake da kabewa a nan tun kaka da kakanni, hanyar da na bi ma sawunsu ne. Da aka kafa gandun sai aka matsa musu su tashi, aka fitar da na ƙarshensu, wani tsoho, a 1928. Sai a 2022 aka cire tsohon sunan wurin aka sa nasu. Raina bai daɗa kwanciya da wannan ba. Ɗan manomi ne ni, na san canza suna a allo ba ya mayar wa mutum gonar ubansa. Na daɗe zaune ina tunanin tsohon da aka sa ya hau wannan hayi ya bar ruwansa a baya.

Fitowa ta ci min awa huɗu da rabi. A rumfa ta sama na sake ɗaura ƙusoshin, na mayar da riguna ɗaya bayan ɗaya. Na taka baki rana ta yi ja, duwatsun gabas kamar garwashi, gumin bayana ya fara sanyi.

A gaida dattawa, a sa mu a addu'a. Wanda zai zo kuma ya taho min da man kaɗe, wancan ya kusa ƙarewa.

Naku,
ɗan uwanku a Arizona