Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Farin da Ya Fito Min a Hannu

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda yayana da ke Bronx a Amurka ya ce in daina lissafin kuɗi, shi da abokansa 'yan Zango sun ɗauki nauyin maganin. Ga wanda yau ya fara bin mu: baƙin tabo ne ya fito min a dunduniya, kowa ya ɗauka kaushi ne, ashe kansar fata ce da likitoci ke kira melanoma. An yanke, daga baya ta ɓulla a kaluluwa, aka ce sai pembrolizumab, wanda a jikin kwalinsa aka rubuta Keytruda. Duk bayan mako uku in hau motar haya, wato torotoro, daga Aboabo a nan Kumasi ta Ghana zuwa asibiti, a sa min shi ta jijiya, cikin minti 30 an gama.

Na ga masu karɓar kemo, wani nau'in maganin kansar, a ɗakin da muke jira, gashi ya zube, abinci ba ya zama a ciki, don haka na shirya wa irin wannan. Ko ɗaya ban gani a jikina ba. Gajiya ce kawai da ƙaiƙayi, har matan gidanmu suka fara raɗa, anya Hajiya tana da ciwon nan da ake ta aiko da dala saboda shi?

Bayan 'yan watanni, ina auna wa wata mata yadi a teburina na Alabar, 'yata ta kama min hannu. Ta ce, “Mma, me ya zuba miki a nan?” Ɗige-ɗige ne farare a bayan hannu, ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba. Na murza da bakin mayafi, ba su fita ba. Kafin a ce kwabo sun fara haɗewa da juna, sun haura tsintsiyar hannu, wasu sun fito a goshi da gefen baki. Girata ta dama ta yi fari fat, ta hagu tana nan baƙa. Babu ciwo, babu ƙurji, fatar sumul take, launin ne kawai ya tafi.

Da kuka na shiga wurin likita. Shi kuwa da ya juya hannuna a ƙarƙashin fitila, sai na ga fuskarsa ta saki, abin da ya ba ni haushi a lokacin. Ya ce, “Hajiya, ki zauna in faɗa miki. Wannan ba kansar ba ce take yaɗuwa.” Bayaninsa shi ne, maganin nan ba ya kashe ƙwayoyin kansar da kansa. Ƙwayoyin kansa suna da dabarar da suke kwantar da sojojin jiki su hana su aiki, shi maganin wannan dabarar yake toshewa, sai garkuwar jiki ta tashi ta yi yaƙin. To melanoma daga ƙwayoyin da ke ba fata launi take fitowa. In faɗa da bakina, 'yan sintirin unguwa ne suka fita kamun ɓarawo, suka haɗa da 'yan gidansu saboda kamarsu ɗaya. Shi ya sa farin nan, da suke kira vitiligo, ya fi fitowa masu melanoma fiye da masu wasu kansar da ke karɓar magani iri ɗaya, kuma an lura waɗanda ya fito wa sun fi samun amsawar magani. Amma ya ja min kunne: kada in ɗauki farin a matsayin takardar sallama, hoton sikan ne zai faɗi gaskiya. Na tambaye shi ko launina zai dawo. Bai ɓoye min ba, ya ce galibi ba ya dawowa ko an daina maganin, kuma ba a dakatar da magani saboda shi.

Ɗana ne daga baya ya nuna min a waya hoton dattawa biyu, James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, waɗanda aka ba kyautar Nobel a 2018 kan binciken da ya haifi irin wannan magani. Shi pembrolizumab ɗin sai 2014 aka amince da shi a Amurka. Da ciwon nan ya same ni ina budurwa, da ba ni ce ke rubuta muku wannan ba.

Sai dai Zango ba ta karanta sikan. Hannu da fuska take gani.

Na ji iri-iri. Wasu suka ce man bilicin ne ya ci ni, ni da ban taɓa shafa komai ba sai man kaɗanya. Wata tsohuwa ta rantse kifi na ci na sha nono a kai. Aka ce albaras ne, aka ce sammu ne daga abokan kasuwa, har da mai kawo min rubutu da garin magani a ƙulle a leda. Rubutun na sha, garin kuwa na ajiye, don likita ya ce duk abin da zan haɗiya in fara nuna masa, tunda maganin kan taɓa hanta. Wanda ya fi min zafi a gidan suna ne a Sabon Zango. Mun zauna mu huɗu a kwano ɗaya na tuwo, na sa hannu, sai wata da muka yi makarantar allo tare ta ce ta tuna ta ci wakye, wato wake da shinkafa, a hanya, ta ƙoshi. Ba ta sake kallon kwanon ba. Ban ce mata komai ba. Farin nan ba a ɗaukarsa, ba a kwano ba, ba a gaisuwa ba, ba a tabarma ba, amma wa zai tsaya yana wa'azi da lomar tuwo a hannu?

Duk wannan magana ce, kuma magana ba ta huda fata. Rana ce ta huda.

Mu baƙaƙe ba mu san rana a matsayin abin tsoro ba. Ta yi zafi, mu yi gumi, mu sha ruwan leda, shi ke nan. Ko ita kansar tawa, likita ya ce ba rana ce ta jawo ta ba. Irin wadda ke fita a tafin ƙafa da ƙarƙashin farce ce, ita ta fi samun baƙar fata, ita ce ta kashe Bob Marley a 1981 yana da shekara 36. Amma launin da ke jikinmu shi ke tare mana rana ba mu sani ba, kuma inda ya tafi, babu abin da ya rage tsakanin nama da rana.

A watan Maris na gane haka, lokacin da Kumasi ke tafasa kafin ruwa ya sauka sosai. Teburina a waje yake, lemar da nake da ita kayan take rufewa, ba ni ba. Na wuni ina miƙa yadi ina karɓar canji. Da magariba bayan hannuna ya yi jajir, iyakar farin iyakar jan, baƙar fatar da ke kewaye ko a jikinta. Da dare raɗaɗi ya hana ni barci, ko zanen rufa ya taɓa wurin sai na zabura. Da safe ƙananan bororo sun tashi cike da ruwa, goshina ya kumbura daidai inda ɗankwali ya tsaya. Bayan kwanaki fatar ta riƙa saɓulewa siriri-siriri. Shekaru na yi ina ganin Turawa a Adum, cikin garin Kumasi, sun yi ja ina dariya a raina.

Nas ɗin da ke sa min ruwa ce ta zaunar da ni. Ta ce, “Mma, daga yau ke da rana sai dabara.” Man kariya daga rana mai lamba 50, ko aƙalla 30, a shafa da kauri kafin a fita, a sake duk bayan awa 2, kuma a sake in an yi gumi ko an wanke. Nan ne ta gamu da ni, don ita Kirista ce, ba ta sa alwala a lissafi ba. Azahar da la'asar duk cikin rana suke, kowace alwala kuma fuska da hannu ne, daidai inda ake shafawa. Ƙaramar kwalba mai tsadar da ta fi ribar turmin atamfa ba ta kai ko'ina. Na farko da na saya mai zink ne, ya zauna daidai a kan farin, amma a kan baƙar fatar sai ya bar toka-toka, na fito kamar dodo. Yanzu a kan farin kawai nake bi da shi da ɗan yatsa.

Abin da ya fi min amfani bai kai man tsada ba: riga mai dogon hannu ta auduga mai kauri, hijabi mai saukowa goshi, safar hannu, da lema ta biyu. Siraran mayafan nan da nake sayarwa, waɗanda ana ganin rana ta cikinsu, ado ne kawai, ba sa tare komai. Lalle ma na gwada. Yana kama farin da kyau, ja mai haske fiye da yadda yake kama tafin hannu, amma nas ta ce rini ne, ba kariya ba, baƙin lallen nan na kanti kuwa ta ce ko kusa, yana iya ƙona fata.

Daga ƙarfe 10 zuwa 4 aka ce in guji rana, kuma a nan ne cinikin yake. Dole na bar wa 'yata teburin da tsakar rana, ni in buɗe da sassafe in dawo bayan la'asar. Tsofaffin kwastomomi da suka saba da ni wasu sun koma wurin maƙwabciya. Yarinyar tana ƙoƙari, amma ba ta san wa ake ba bashi wa ake hanawa ba, kuma Tonancinta na ciniki, wato yaren Asante, bai nuna ba.

Ana cikin haka ne aka aiko daga gidan da ke neman auren ita 'yar tawa. An riga an kawo goro, an sa rana bayan babbar salla. Gwaggon yaron ce ta zo da kanta, ta zauna a bakin gado, muka gaisa har sau uku, idonta na kan girata. Can ta gyara mayafi ta ce, “Hajiya, ba wani abu ba ne, yayana ne ya ce in zo in tambaya. Abin nan, a danginku akwai mai shi?”

Amsar da na ba ta, da yadda aka yi maigidana ya ɗauki baban yaron har wurin likita, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.