Fom ɗin bayyana kadarori da abin da na gani a kansa

A ƙarshen watan jiya na miƙa makullan ofis na yi ritaya, kuma tun daga lokacin yaran da muka yi aiki tare suke ta aiko mini da saƙo cewa in rubuta musu wani abu. Ba zan tsaya kan buɗe fayil ko amsa wasiƙa ba, duk wanda ya zauna a sashen mulki ya san wannan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne fom ɗin bayyana kadarori na Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Na daɗe ni ne mai karɓo shi daga ofishin hukumar na jiha, in raba wa ma'aikata, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina karɓar kwafin 'yar takardar shaidar da ake ba mutum idan ya mayar. A kan fom ɗin nan na san halin mutane, a kansa kuma aka zalunce ni.

Ƙa'idar ba ta da sarƙaƙiya. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa duk mai aikin gwamnati, tun daga shugaban ƙasa har ma'aikacin ƙaramar hukuma, ya rubuta abin da ya mallaka da bashin da ake bin sa da zarar ya kama aiki, ya sake bayan kowace shekara 4, ya kuma sake idan zai sauka. Ana haɗawa da dukiyar 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba kuma ba su yi aure ba, fom ɗin kuma yana da gurbin mata ko miji. In ka cike, sai ka je gaban alƙalin Babbar Kotu ka yi rantsuwa. Layin da mutane ba sa karantawa shi ne wanda ya ce duk dukiyar da ta bayyana a hannunka bayan ka cike fom, wadda albashi ko kyauta ko rancen da doka ta yarda da shi ba su isa su yi bayaninta ba, za a ɗauka ta haramtacciyar hanya ka same ta har sai kai ka kawo hujja. Wanda Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta kama da laifi ana iya raba shi da kujerarsa, a hana shi riƙe muƙami har shekara 10, a ƙwace abin da ya tara ta cin amanar ofis, kuma afuwar shugaban ƙasa ko ta gwamna ba ta shiga wannan hukunci.

Waɗanda na ga suna tsoron fom ɗin nan, yawancinsu ba su da abin ɓoyewa. Ƙaramin akawu zai zo ya tsaya gefen teburina yana raɗa, wai gonarsu ta gado ce ba a raba ba tun rasuwar kakansu, shin ya rubuta ta ko ya bari? Wani yana da shanu a ruga hannun makiyayi, shi kansa bai san ko nawa suka haihu bana ba. Wani dattijo mai mata uku ya taɓa ce mini, "Malam, ni da ban taɓa tambayar uwargida abin da ke cikin adakarta ba, yau ka ce in je in ƙirga mata zinari?" Ya yi gaskiya, domin a addininmu dukiyar mace tata ce, kuma mu mutane ne da ba ma son ƙirga abin hannunmu a gaban wani. Nakan ce musu su rubuta gonar su ƙara da cewa ta gado ce ba a raba ba, su rubuta shanun gwargwadon saninsu na ƙarshe, su kuma zauna da iyalinsu su fahimtar da su cewa ranar da aka zo bincike, sarƙar da aka rubuta tun farko ita ce ba za a ce da kuɗin gwamnati aka saya ba. Irin waɗannan mutane sai su kwana suna tunanin layi guda.

Sai aka kawo mana wani darakta, aka ba shi kujerar da duk kwangilolin ma'aikatar ke bi ta kanta. Wata Alhamis bayan la'asar, mutane sun watse, ya aiko masinja ya kira ni. Na tarar da fom ɗinsa a kan tebur, ko sunansa bai rubuta ba.

"Malam, an ce rubutunka ya fi na kowa kyau a gidan nan. Zauna ka cike mini."

Na zauna. Ya jingina da kujera ya fara shifta: gida mai hawa ɗaya a Kaduna, filaye biyu a Abuja, gona mai lambun mangwaro a hanyar garinsu, sai wasu kuɗi a banki waɗanda ko ya tara albashinsa na shekara goma bai taɓa ba, ba za su kai ba. Ni kuwa na san mutumin nan. A kwatas ɗin gwamnati yake zaune, tsohuwar Peugeot ɗinsa sai masu gadi sun tura ta da safe take tashi, kuma bai fi wata biyu ba da ya karɓi rance a ƙungiyarmu ta gama kai don kuɗin makarantar yara.

Na ce, "Ranka ya daɗe, lambar filayen da shekarar da aka saya fa?"

Ya ce, "Mayar da shekarar baya kaɗan. Lamba kuwa bar wurin haka." Da ya ga biro ya tsaya, sai ya yi murmushi. "Kai dai ba ka san aiki ba, Malam. Abin da zai zo gobe, yau ake share masa wuri."

Nan na gane. Tunda doka tana auna abin da ka shigo da shi da abin da ka fita da shi, shi yana son ya kumbura na shigowar ne. In ya rantse yau cewa yana da gida a Kaduna da filaye a Abuja, nan da shekara huɗu idan sun bayyana, ba mai cewa a kujerar ya samo su. Takardar da aka yi don ta hana sata, ita yake son ya mayar rumbun da zai zuba abin da bai riga ya sata ba.

Na ajiye biron a hankali na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Takardar rantsuwa ce, hannun mai ita ya fi dacewa da ita." Ya dube ni na ɗan lokaci, ya jawo fom ɗin ya jefa a aljihun tebur, ya ce, "To, Malam, na gode. Sai da safe."

Bai taɓa ɗaga mini murya ba, ko sau ɗaya. A takardar auna ƙwazo ta wannan shekarar ya ba ni makin da ban taɓa samun irinsa ba tun da na fara aiki. Da jerin masu jarabawar ƙarin girma ya fito, babu sunana, aka ce kuskuren mai buga takarda ne, za a gyara, ba a gyara ba har aka yi jarabawar. Sannan aka tura ni ofishin shiyya a wani gari mai nisa, inda babu aikin yi sai zaman jiran a tashi, iyalina kuma suna birni. Duk wannan na haɗiye. Abin da ya girgiza ni shi ne ranar da wasiƙar gayyata ta zo daga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, wai an shigar da koke cewa ina gina gidan da ya fi ƙarfin albashina. Da aka karanta mini abin da ke cikin koken, na ji adadin rancen da na ci har da kwabbansa, adadin da babu inda yake sai cikin fayil ɗina na sirri, fayil ɗin kuma na san teburin da yake.

Abin da ya fitar da ni shi ne fom ɗin nan da kowa ke ƙi. Filin da nake ginin a kai yana cikin wanda na cike tun farkon aikina, na rubuta cewa gadon mahaifina ne, takardar rabon gado ta Kotun Shari'a kuma tana hannuna. Rancen gama kai yana cikin fom na gaba a gurbin bashi. Rasiɗan siminti da na kwano da na katako, uwar 'ya'yana ce ta riƙa tara su cikin tsohuwar jakar makarantar babban ɗanmu, Allah ya saka mata da alheri. Jami'an hukumar suka bi ni har wurin ginin. Ɗaki uku ne, bulo tsirara ba filasta, tagogin an toshe su da buhunan siminti saboda iskar hunturu, ƙofar zaure langa-langa ce. Babbansu ya zagaya, ya duba takardu, ya ce, "Malam, Allah ya ba da ikon ƙarasawa." Aka rufe maganar.

Amma ƙarin girman da na rasa bai dawo ba. Sa'o'ina sun wuce ni da mataki, kuma a kan matakin da na yi ritaya za a lissafa mini haƙƙina. Shi kuwa ya zama Babban Sakatare, ya sauka aka yi masa walima, gidan Kaduna kuma yana nan tsaye, na gan shi da idona. Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa, ban kai can ba tukuna.

Wasu sun ce me ya sa ban kai ƙararsa ba. Da wace hujja? Maganar da aka yi tsakanin mutum biyu a ofis bayan la'asar, shi darakta ni ƙaramin jami'i? Hujjar tana cikin fom ɗinsa, fom ɗin kuma yana cikin kabad ɗin da ba ni da ikon buɗewa. Nan ne ciwon dokar yake. Jadawali na uku na tsarin mulki ya ce hukumar ta ajiye waɗannan takardu, ta bar kowane ɗan ƙasa ya duba bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta gindaya. Majalisa ba ta gindaya sharuɗɗan ba, saboda haka ko bayan dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ƙungiyoyin farar hula sun nemi ganin fom ɗin manya an ce musu babu hali. Da ana liƙa fom ɗin daraktan nan inda mutanen garinsu za su gani, mai unguwa kaɗai ya isa ya ce babu wata gonar mangwaro a wannan hanya. Hukumar ba ta da ma'aikatan da za su bi kowane fili a ƙasar nan su tantance, amma kowane fili yana da maƙwabta.

An gwada bayyanawa kuma sama ba ta faɗo ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya fitar da nasa a fili a watan Yunin 2007, sama da naira miliyan 856, kowa ya karanta a jarida. A Satumban 2015 fadar shugaban ƙasa ta fitar da taƙaitaccen bayanin na Muhammadu Buhari, har da shanu 270, tumaki 25, dawaki 5 da gidajen ƙasa biyu a Daura, ko da yake ainihin fom ɗin ba shi aka nuna ba. Goodluck Jonathan kuwa a 2012 ya fito ƙarara ya ce ba zai bayyana nasa ga jama'a ba, kuma doka ba ta tilasta masa ba. Abin ya zama na ganin dama.

Dubi kuma lokutan da kabad ɗin ke buɗewa. Fom ɗin da Bukola Saraki ya cike a 2003 yana ajiye shekara 12, sai a Satumban 2015, watanni kaɗan bayan ya zama shugaban Majalisar Dattawa ba da son jam'iyyarsa ba, aka gurfanar da shi. Cikin tuhume-tuhumen har da cewa ya rubuta wani gida a Ikoyi tun kafin ya mallake shi, kuma a 2018 Kotun Ƙoli ta sallame shi. Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen an dakatar da shi ranar 25 ga Janairun 2019, makonni kaɗan kafin babban zaɓe, Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta same shi da laifi a watan Afrilu, a 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin. Ni ba alƙali ba ne. Abin da na gani dai ya yi kama da nawa a ƙaramin mataki: takardar tana barci har ranar da mai ƙarfi ya buƙaci a tashe ta.

Na san abin da za a ce, kuma ba na raina shi. A wannan zamani na masu garkuwa da mutane, wa zai so a baza abin da ya mallaka? Ni ma ba na goyon bayan a tona asirin malamin firamare ko ma'aikaciyar jinya. Amma wanda ya tsaya zaɓe, da kwamishina, da minista, da babban sakatare, da duk wanda kwangila ke bi ta hannunsa, a fitar da nasa, a sakaya adireshin gida da lambar asusu. Wanda bai iya jure wannan ba, bai kamata ya karɓi amanar dukiyar jama'a ba.

Ku da kuka rage a ofis, kada ku taɓa cike wa wani fom ɗinsa, komai girmansa, komai daɗin bakinsa. Ku ɗauki kwafin naku kafin ku mayar, ku adana 'yar takardar shaidar a gida, kada ku dogara da fayil ɗin ofis. Ku rubuta bashi kamar yadda kuke rubuta kadara. Noma doka ta yarda muku da shi, shago da kwangila ba ta yarda ba, ko da kuwa kun ga oga yana yi da sunan ƙaninsa. Kyautar ɗan'uwa ko aboki a biki ko suna ba laifi, ta ɗan kwangila kuwa ku mayar masa a ranar, a gaban shaida. Kuma idan babba ya kira ku ofis bayan kowa ya tashi, ku bar ƙofar a buɗe, ku sa masinja ya jira ku a baranda.